Kwalbar Madam Lita da Na Wurga a Rami

Ni ne da laifi, kuma gara in faɗa tun ban yi nisa ba, kafin wani daga cikinku ya fara nema mini uzuri. Ranar da na ɗauki kwalbar Madam Lita na wurga ta cikin ramin ƙona shara ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Ubangiji. Ba kuskure ba ne. Da idona biyu na aikata, kuma da na gama har ƴar waƙa na riƙa yi ina komawa madafa.

Sunana Ishaya, mutumin garin Sarkin Hausa ne ni, can ƙasar Mayahi. Karatuna bai wuce ƙaramar lakkwal ba, wato firamare. Girki na koya a Maraɗi wurin wani tsohon kuku da ya yi wa Faransawa aiki, daga nan na samu aiki a gidan ma'aikatan wata ƙungiyar agaji a Tasawa. Ga wanda bai san tsarin irin wannan gida ba, akwai shef, wato mai kula da motoci da kaya da mu ƙananan ma'aikata. A lokacin shef ɗinmu Malam Mamman Sani ne. Ƙarƙashinsa akwai kuku, da masu gadi, da direbobi, da mai shara. Baƙin ma'aikatan lafiya da ake turowa daga ƙasashen waje a gidan suke kwana, kuma cikinsu yana hannun kuku.

Abin da tsohon nan ya koya mini shi na riƙe kamar karatun Littafi: a fara da romo, a bi da nama soyayye da kwambitar, wato dankalin turawa, a kawo salati, a rufe da gato, wato kek. Na yi imani duk wanda ya sauko daga jirgin sama abincinsa ke nan. Kuma ba na barin kowa ya taka mini madafa, ko shef bakin ƙofa yake tsayawa.

Farkon bazarar wata shekara aka kawo mana sabuwar majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya da za ta riƙe ɗakin yara masu tamowa. Ita ce Madam Lita, ƴar ƙaramar mace mai fara'a, ko tafiya take yi tana waƙa. Ina ganinta na yanke hukunci a raina cewa Shinuwa ce, wato ƴar ƙasar Sin, masu cin abinci da tsinke. Ban tambayi kowa ba. Na dafa taliya da ƙwai, na je gindin itacen bedi na karyo tsinke biyu, na fiƙe su tsaf, na jera mata kusa da faranti ina jiran yabo.

Ta dubi tsinkayen, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe teburi. Da ƴar faransancinta ta ce, "Musiye Ishaya, ni ƴar Filifin ce. Mu da cokali muke ci, ko da hannu."

Abdu direba, wanda ba ya barin abin dariya ya wuce shi, ya leƙo ta taga ya ce, "Kuku, asuwaki ka ba baƙuwa tun ba ta ci komi ba?"

Na kwashe tsinkayena na koma ga abin da na sani. Kullum sai in kai mata nama da kwambitar, ta yanki ɗan gefe, ta ce, "Mersi, da daɗi," ta ture. Sannan ta shiga ɗakinta ta dafa farar shinkafa a wata ƴar tukunyar lantarki, ta zo firigo, wato firiji, ta ɗauko wata kwalba mai jan murfi, ta ɗebi rabin cokali na wani abu mai launin laka ta shafa a kai. Ku zo ku ga cin abinci! Tana ci tana kaɗa ƙafa.

Amma warin, jama'a! Ranar da ta fara buɗe kwalbar, Malam Idi mai gadi ya shigo da sanda yana cewa ɓera ya mutu bayan firigo. Sai da muka jawo firigon muka duba. Madam Lita tana zaune tana kallonmu, cokali a baki, dariya ta hana ta yi mana bayani.

Kowa ya mai da abin wasa, ban da ni. Ni zafi nake ji. Ina tashi tun da sassafe, ina tsaye gaban wuta cikin zafin Tasawa, a ce ruɓaɓɓen abu cikin kwalba ya fi girkina?

To, akwai dokar firigo, ku sabbin shiga ku saurara. Kowace Litinin kuku yana duba abin da ke ciki, saboda yawan yankewar kuran, wato wutar lantarki, yana lalata abinci. Duk abin da ba a liƙa masa sunan mai shi da ranar da aka ajiye ba, sai ka ware shi. Amma ba ka zubarwa. Sai ka nuna wa mai shi, in ba ya nan ka nuna wa shef, shi ne zai ce a zubar ko a bari. Wata Litinin Madam Lita da shef suka tafi Mayahi tun da safe. Na buɗe firigo, ga kwalba ba suna ba rana. Na ce a raina, yau doka ta zo gidana. Rabin dokar da ya yi mini daɗi na ɗauka, rabin da ya ce a tambaya na bar shi nan.

Na kai ta bayan gida na wurga cikin rami, na zuba takardu a kai na ƙyasta ashana. Da wuta ta kai ga kwalbar ta fashe, wani irin ƙauri ya tashi wanda ban taɓa jin kamarsa ba. Kafin a jima kuliyoyin unguwa sun jeru bisa katanga suna kuka kamar an kira su taro. Malam Idi ya toshe hanci da rawaninsa ya ce, "Kuku, wannan karon ɓeran babba ne." Na ce masa ƙwarai kuwa.

Da yamma ta dawo, ta dafa shinkafarta, ta buɗe firigo. Na ji tana ture kwanoni. Ta leƙo madafa.

"Musiye Ishaya, ka ga kwalbata?"

Na ce, "Wace kwalba, Madam?" Ina yankan albasa, na gode wa Allah da ya sa idona ke ƙasa.

Ta tsaya bakin ƙofa ta yi mini bayanin da ban taɓa nema ba. Sunan abin bagu'ong. Wasu ƙananan jatan lande ne na teku ake cakuɗawa da gishiri a rufe a tulu watanni har su narke. Wannan kuwa ba na kanti ba ne. Mahaifiyarta ce ta yi da hannunta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta naɗe kwalbar cikin zane ta cusa mata a akwati tana cewa duk inda aka kai ta, in ta buɗe za ta ji gida.

Na ce, "Ayya, Madam. Allah ya bayyana." Ku ji fa, har da Allah ya bayyana.

Ba ta zargi kowa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Waƙa ce kawai ta ɗauke daga gidan. Sai ta dafa shinkafa ta barbaɗa gishiri, ta ci cokali kaɗan ta tashi. Ga zafin bazara, ga aiki tsaye wuni guda. Matar da ke ɗura wa ƴaƴan mutane abinci su yi ƙiba, ita rigar aikinta ta fara yi mata yawa.

Ni kuma maimakon in gyara, sai na ƙara wuta a inda na saba. Gato mai hawa, nama cikin man shanu, kwambitar da aka kirɓa da madara. Duk suna dawowa yadda suka tafi, Abdu yana shanyewa yana sa mini albarka.

Ran nan shef ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa.

"Ishaya, majo ta yi waya Yamai wurin manyanmu. Tana son a rage mata wa'adi ta koma gida, wai jikinta ya ƙi ƙasar."

Na ce, "Zahi ne, Shef."

"Yunwa ce. Ka san damina ta kusa, ka san yadda ɗakin yaran nan ke cika in hatsi ya ƙare a rumbu. In ta tahi yanzu, ba a turo wata sai bayan kaka. Kuma in baƙuwa ta gudu don yunwa, ba direba ake tambaya ba." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ta ci abinci ta zauna, ko ku hita tare. Ka gane?"

Na gane sarai.

Da na koma gida na kasa cin tuwo. Saratu matata ta tsare ni da tambaya har na amayar mata da komai. Na ɗauka za ta tausaya mini. Sai ta ajiye ludayi, ta tafa hannu.

"Kai Ishaya! Kai? Kai da in babu daddawar batso cikin miya sai ka ture ƙwarya? Kai da innarka in tana yin batso a Sarkin Hausa, maƙwabta ke kwashe shanyarsu? Yau kai ne mai ƙyamar wari?"

Na ce, "Ai wannan daban ne."

"Daban da mi? Naku na gurguzu ne, nasu na ruwa. Uwa ta yi ma ɗiyarta daddawa, ka ƙone. Tashi ka je ka ba ta haƙuri."

"A kore ni? Ke za ki ciyar da mu?"

Ta harare ni ta ce, "To matsoraci, ka hidda ta daga gaban gatonka ka kai ta kasuwa. Ka bar idonta ya zaɓa."

Aka yi sa'a ranar kasuwar Kanan-Bakashe ta zo daidai da ranar da Madam Lita za ta duba ƙaramar likitar garin, wato asibitinsu. Na roƙi shef ya bar ni in bi su, wai zan sayo zabbi. Muka kama hanya cikin yashi, Abdu yana tuƙi yana zuba surutu, ita tana jingine da taga. Da ta gama aikinta na ce Abdu ya ratsa ta bakin kasuwa.

Muna shiga layin masu abinci, inda mata ke zaune da manyan kwanonin kwaɗo, sai muka ji ihu daga bayan mota.

"Malungai!"

Abdu ya taka birki har na buga goshi. Kafin mota ta gama tsayawa ta dire. Ta nufi wata tsohuwa mai kwaɗon zogale, ta ɗauki wani ɗanyen reshe da ke gefen kwanon, ta ɗaga shi sama kamar tuta tana tsalle. Jama'a suka fara taruwa. Ta ce mini, numfashinta na sarƙewa, wannan itace yana bayan ɗakin mahaifiyarta, shi ake ba mai jego don nono ya zo. Na fassara wa tsohuwar.

Tsohuwa ta ce, "Yo mu ma haka! Ƴar nan, zauna. Wa ya bar ki da yunwa haka, wuyanki kamar na zabuwa?"

Abdu ya nuna ni da baki. Tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan mai tumbin? Allah ya shirye ka, ɗana."

Aka tura mata kujera ƴar tsugunne. Na ciro cokali daga aljihu ina gogewa, ta ture hannuna, ta wanke nata ta nutsa cikin kwaɗo. Zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, abin da ban taɓa tunanin ɗorawa bisa teburin baƙi ba don ina ganin abincin talaka ne. Ta cinye ta miƙa kwano. Aka ƙara, ta cinye. Mata suna guɗa, wata Bafillata mai hura ta matso ta dama mata, ta sha har da gashin baki na nono.

Daga nan ba mu ƙara iya riƙe ta ba. Ta ga tsamiya ta yi ihu. Ta ga kuɓewa ta yi ihu. Ta ga yalo da ɗanyar gwanda ta rungume. Ta sayi ɗanyun mangwaro kore shar, mai sayarwa yana roƙonta ta bari su nuna, ita tana gatsa tana lumshe ido. Abdu yana biye da buhu yana cewa, "Madam, motar ba amalanke ba ce!" Ni kuwa ina bin su kamar wanda aka kai baƙon gari. Kasuwar da na sani tun ina yaro, wai ashe rabin madafar Filifin ce.

Sai muka zo wurin masu daddawa. Na yi sauri in janye ta, don kunya. Ina! Ta riga ta tsaya cak. Ta ɗauki curin batso guda ta kai hanci, ta rufe ido, ta daɗe haka. Mai daddawar ta daina dariya. Da ta buɗe ido akwai ƙwalla ciki.

Ta ce, "Ba shi ba ne. Amma ɗan'uwansa ne."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ce bari in je in duba zabbi.

Washegari ta zo bakin madafa da buhunta ta ce, "Musiye Ishaya, za ka ara mani wutarka?" Na ce muku ko shef ba ya shiga. Amma na tuna maganar buro, na matsa gefe. Daga ranar na zama yaron kuku a madafata.

Da adobo muka fara. A yanka zabo, a zuba binegar, da baƙin ruwan waken soya da ta zo da shi, da masoro, da tafarnuwa mai yawan da zai kori maye. Babu tumatir, babu tattasai. Na ce, "Madam, nama ba ja?" Ta ce in yi shiru. Da ta zuba binegar na kai ludayi zan juya, ta make mini hannu kamar yaro ya taɓa nama a tukunya. Wai ba a juyawa sai ya tafasa kaifin tsamin ya fita. Ni da na yi shekaru ina koya wa wasu, na tsaya ina hura bayan hannu.

Sai wata miya da suke kira sinigang. A dafa tsamiya a tace, a zuba ruwan cikin haƙarƙarin sa, a jefa albasa da tumatir da yalo, sannan kuɓewa guda-guda ba a yanka ba. Mu tsamiya ta kunu ce da ruwan tuwo, ban taɓa jin an yi miya da ita ba. Na leƙa tukunya na ga ruwa tsararo, har gindin tukunya kana gani. Tausayi ya kama ni. Da ta juya baya na ɗebo garin kuka zan kaɗa mata. Ta waiwayo ta kwarma ihu har Malam Idi ya rugo da sandarsa.

Ya ce, "Wani ɓeran ne?"

Ta ce, "Kuku ne!"

Da rana aka juye shinkafa cikin babban tire, aka jera tukwane, ta ce kowa ya wanke hannu, yau babu shef babu mai gadi. Abdu ya kurɓi sinigang, fuskarsa ta tattare wuri guda, ya ce, "Wannan ai kunu ne ya yi ɓatan hanya ya haɗu da nama." Ya sake kurɓa. Ya miƙa kwano. Shef da kansa ya cire tabarau ya tsotse ƙashin zabo. Ni na ɗanɗana ina shirin kushewa, sai na ji tsamin ya ratsa ni ya wanke duk zafin ranar daga jikina. Na ci har na kwance maɓallin wando.

Daga nan gida ya rikice. Yau romon kaza da citta da ɗanyar gwanda da ganyen zogale, gobe ita ce ke koyon dambu. Ran da ba mu yi girki ba sai ta ja mu bakin tasha wurin mai balangu, ta fito da ƴar kwalbar binegar da tafarnuwa daga jaka tana tsoma nama, mai naman yana kallonta baki buɗe, har ya roƙi a sam masa. Waƙa ta dawo. Rigar aiki ta fara cika.

Wata Lahadi bayan an tashi daga majami'a ta zo gidana. Ita da Saratu suka shige madafa, ba mai jin yaren wata, amma dariyarsu har waje. Muna cin abinci a tabarma ta dube ni ta ce daga yau ba Musiye ba ne ni, Kuya ne. Na tambayi ma'anarsa. Ta ce haka suke kiran babban wa, wanda ke kula da ƙannensa. Saratu ta kai hannu ta bayan baƙuwa ta mintsine ni a cinya har na ƙware.

Cikin makon nan ta sake yin waya Yamai ta ce ta fasa tafiya. Shef ya tara ma'aikata ya ce, "Ishaya ne ya ceci ɗakin yara bana." Aka tafa mini. Kuma in gaya muku gaskiya, daɗi na ji. Na riƙa yawo ina karɓar gaisuwa, kamar ba ni ne na haƙa ramin da na fitar da ita daga ciki ba. Na ce a raina magana ta mutu, ta ci ta ƙoshi, ta zauna, me ya rage?

Saratu ce ba ta yarda ba. Na dawo gida na tarar da miyar kuka salam, ba ƙamshi ba ɗanɗano.

Na ce, "Saratu, kin manta batso."

"Ban manta ba. Ai kai ba ka son wari. Na daina sa maka, kar ka kai tukunyata rami."

Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Ita da yara suna shan tasu miyar mai daddawa, ƙamshi na dukan hancina, ni ana miƙo mini tawa a ƴar tukunya daban kamar mai jinya. Na roƙa, na yi faɗa, na kawo maganar miji da mata. Ta ce in je in gaya wa fasto dalilin. A cikin kwanakin nan ne na gane abin da na yi wa baiwar Allah. Ni a gidana nake, cikin ƙasarmu, da matata da ƴaƴana, rashin ɗan curin daddawa ya hana ni sukuni. Ita fa, da teku ke tsakaninta da uwarta?

Na ba wani direba saƙo ya sayo mini busassun jatan lande wurin ƴan kudu a kasuwar Maraɗi. Ni da Saratu muka daka su da batso da gishiri da tafarnuwa, muka soya cikin mai da ɗan sukari. Gwajin farko maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Muka yi ta gyarawa har ya zama abin da mutum zai iya kusanta. Na ɗura a kwalba na saka a aljihu, na tafi aiki.

Ku da kuke shigowa aikin nan, abin da na koya bai da yawa. Kuku ba don a yabe shi yake tsaye gaban wuta ba, don mutum ya ci ne. Baƙon da ya zo daga nesa, kafin ka nuna masa abin da ka iya, tambaye shi abin da uwarsa ke dafa masa. Sau da yawa yana nan kasuwarku, wurin matan da kake wucewa ba ka ko gaishe su. Doka kuma in za ka bi ta, ka bi ta har ƙarshenta, kar ka yanki inda ya dace da fushinka.

A ranar na faɗi gaskiya gaban kowa, kuma ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Shef ya ba ni gargaɗi a rubuce, kuma na cancanta. Madam Lita ta tashi daga teburi ta shiga ɗaki, na koma Musiye na wasu kwanaki. Amma ba ta sake yin waya Yamai ba. Ta yi daminar nan tsaye cikin ɗakin yara har aka yi kaka. Abin da na daka mata kuwa ta ce ko kusa bai kai ba, ta kuma cinye shi tas da ɗanyen mangwaro.

Ga yadda aka yi ranar da na kai kwalbar: da rana ne, kowa na zaune gaban tire, hannuwa cikin shinkafa. Na cire hular aiki, na ajiye kwalbata gabanta, na durƙusa yadda ake durƙusa wa manya a garinmu, ko da yake na girme ta nesa. Abdu ya buɗe baki zai yi ba'a, ya ga fuskata ya rufe. Na ce:

"Madam Lita, kwalbarki ba ɓata ta yi ba. Ni na ɗauke ta, ni na ƙone ta, kika tambaye ni na ce ban gani ba. Ba don doka na yi ba, don kin fi son girkin innarki da nawa ne, kuma kina da gaskiya. Yunwar da kika sha ni na sa ki, yabon da aka yi mani na ƙarya ne. Wannan da na kawo ba zai zama madadi ba, hannuna ba na uwa ba ne. Ki yahe mani. In kuma kin yi waya gida, ki gaya ma tsohuwa wani ƙaton kuku a Tasawa ya durƙusa yana ba ta haƙuri."